Ba Maneji Ba Ne: Martani Kan Hoton Kusa da Dogon Gilashi

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda ya daɗe yana wayar wa matasanmu kai a kan sana'ar hoto, ya yi rubutu kwanan baya a kan ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa: ƙwari, furanni, zobe, ɗinkin hula da makamantansu. Hukuncin da ya yanke gajere ne. A ganinsa, duk wanda bai mallaki gilashin makro ba, wato gilashin kyamarar da aka ƙera musamman don wannan aiki, to ya haƙura har Allah ya hore masa. Ɗaura wasu tarkace a jikin dogon gilashi mai jawo nesa, a faɗarsa, maneji ne kawai: suna sa hoto ya yi dishi-dishi, suna cinye haske, ba sa kai mutum ga girman da ake kira makro na gaskiya, kuma kuɗin da aka zuba a kansu ya bi ruwa.

Ina ganin girman Malam, kuma akwai wuraren da maganarsa ke kan hanya, zan zo kansu. Amma hukuncin a dunƙule bai zauna ba. Abin da nake gudu shi ne wani yaro mai gilashin 70-300 a jaka ya karanta, ya naɗe hannu shekara da shekaru yana jiran kayan da ko ya same shi ba lallai ya biya masa buƙata ba.

Akwai tambayar da Malam ya tsallake, alhali ita ce gaba da komai: me ake son ɗauka, kuma yaya girmansa yake? Ma'aunin da ya kafa hujja da shi shi ne 1:1, wato surar abu ta kwanta a kan sensar kyamara daidai da girmansa na zahiri. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ƙaramar da ke cikin yawancin kyamarorin da ke hannun mutanenmu ba ta kai milimita 24 a faɗi ba. Ke nan a 1:1, abin da zai cika hoto a ƙaramar sensa bai kai faɗin yatsu biyu ba. To, abubuwa nawa ne daga cikin waɗanda muke marmarin ɗauka suke da wannan ƙanƙanta? Malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe mai ɗigon fari, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya, faɗin fikafikansa santimita 7 zuwa 8 ne. Babban nan mai baƙi da ruwan ɗorawa da ke kewaya bishiyar lemo ya fi shi girma. Masanin nan Torben Larsen, a littafinsa na 2005, ya tattaro kusan iri 1,500 na waɗannan halittu a Afirka ta Yamma kaɗai, kuma mai neman hotonsu dukkan jikinsu yake so, ba ƙwayar ido ɗaya ba. Haka farar tumfafiya, haka hawainiya, kwaɗo, kan jan gwada, furen zoɓo, hannun amarya da ya sha lalle. Duk waɗannan, girman da suke buƙata yana tsakanin kashi ɗaya bisa huɗu ne da rabi.

Ko a wurin da hoto ya zama aiki ba sha'awa ba, lissafin bai canza ba. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, malamin gona yana rarrabe ta da sauran tsutsotsi da alamu biyu: wani zane mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi kusurwa huɗu daf da wutsiya. In ta ƙosa tsawonta santimita 3 zuwa 4 ne. Hoton da zai amfani manomi shi ne wanda ya nuna goshi da wutsiya a tare, a kan ganyen da ta ɓarnata. A 1:1 a kan ƙaramar sensa ba za ta ma shiga hoto gaba ɗayanta ba. A rabin wannan girma kuwa ta shiga, alamun biyu sun fito, har kashinta mai kama da dusa ya bayyana a cikin ƙunshin ganyen.

Idan an yarda cewa yawancin aikin a wannan tsakani yake, sai a tambaya wane gilashi ne ya fi dacewa da shi. A nan ne na fi saɓa wa Malam, domin dogon gilashi yana da abin da makro mai milimita 100 ba shi da shi, wato tazara.

Mu ɗauki kayan da kowa ya sani. Gilashin makro na Canon mai milimita 100, idan ya kai 1:1, tsakanin bakinsa da abin da ake ɗauka kamar santimita 14 ne kacal, in kuma an ɗaura masa hular kare rana, ta cinye wani babban kaso na wannan. Ko a kashi ɗaya bisa uku na girma, tazarar ba ta kai santimita 40 ba. Shi kuwa Canon 300mm f/4 yana tsayawa a mita 1.5 ya ba da 0.24 na girman abu, ba a ƙara masa komai ba. A ɗaura masa gilashin ninki na 1.4, sai ya koma milimita 420, girman ya hau zuwa 0.34, tazarar kuma tana nan ba ta motsa ba. A ƙaramar sensa wannan fili ne mai faɗin kusan santimita 7. Malam-buɗe-littafi ya cika hoto fam, mai kyamara kuma yana can fiye da mita ɗaya, bai taɓa ciyawar da ke ɗauke da furen ba, inuwarsa ba ta faɗa a kai ba.

Duk wanda ya taɓa bin jan gwada a kan katanga ya san yadda abin yake. Daga taku huɗu zai tsaya yana gyaɗa maka kai. Ka rage saura taku biyu, ya ɗaga ƙirji, ya karkato da ido ɗaya yana auna ka. Ka ƙara rabin taku, sai dai ka ji ƙarar faratansa a bayan bulo. Kowace halitta tana da iyakar da in an ƙetare za ta gudu, wasu kuma in an ƙetare ba gudu suke yi ba. Ƙudan zumarmu ba ya ɗaukar raini, rina ma haka. Kububuwa, wadda ita ce ke sarar mafi yawan waɗanda ake kwantarwa a asibitin masu saran maciji na Kaltungo, ba abar da za a kai wa fuska santimita 30 ba ce don neman hoto. Ba ina zuga kowa ya je neman maciji da kyamara ba ne. Ina cewa ne wanda aikinsa ya haɗa shi da irin waɗannan, ɗalibin kimiyyar dabbobi ko ma'aikacin gandun daji a Yankari ko Falgore, shawarar Malam ba ta yi masa rana ba. Masu ƙera gilashin makro su kansu sun san wannan damuwa, shi ya sa Canon ya yi makro mai milimita 180, Nikon ya yi mai 200, kuma dukkansu sun fi na 100 tsada da nauyi.

Tazara tana zuwa da wata garabasa da Malam bai ambata ba. A babbar sensa, gilashin milimita 50 yana ganin kusan digiri 46 daga kusurwa zuwa kusurwa, na 100 yana ganin 24, na 300 kuwa kamar 8 kawai. Ma'ana, ko da girman furen ɗaya ne a hotunan uku, abin da ke bayansa ba ɗaya ba ne. Gajeren gilashi zai kwaso katangar maƙwabci, da igiyar shanya, da baƙar ledar da iska ta maƙale a ƙaya. Dogon gilashi ɗan yanki kaɗan yake ɗebowa daga baya, ya shimfiɗa shi ya zama launi ɗaya mai laushi. Ka gusa taƙi ɗaya hagu, bayan hoton ya koma kore. Ka gusa dama, ya koma jan ƙasa. A unguwanninmu, inda ba kasafai ake samun bayan hoto mai tsabta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam ya ce dogon gilashi yana sirantar da wurin da ke fita tas a hoto, har ido ya fita amma fiffike ya ɓace. Wannan magana ta yaɗu, amma a hoton kusa ba haka take ba. Kaurin wurin da ke fita tas ya rataya ne a kan abu biyu: girman da aka kai, da lambar ƙofar haske. Idan girman ɗaya ne kuma lambar ɗaya ce, to da gilashin 100 da na 300 kusan kunnen doki suke. A babbar sensa, a f/11, a rabin girma, kaurin kamar milimita 4 ne. A 1:1 bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Wannan ƙunci yana kan mai makro kamar yadda yake kan mai dogon gilashi, kuma maganinsa ɗaya ne a wurin duka biyun: a daidaita kyamara ta fuskanci fiffiken sosai, kada ta zo masa a karkace. Laushin bayan hoto ne ke yaudarar ido har a zaci kaurin ya ragu.

Yanzu ga kayan da Malam ya haɗa ya kira tarkace. Kala uku ne, wato bututu da tabarau da gilashin ninki, kowanne da ƙa'idarsa, kuma zargin da ya hau kan ɗaya ba lallai ya hau kan ɗan'uwansa ba.

Bututun tsakani zobe ne fanko, babu gilashi ko ɗaya a cikinsa. Ana sa shi tsakanin kyamara da gilashi don ya nisanta gilashin daga sensa. Na Kenko suna zuwa uku a jere, milimita 12 da 20 da 36. Na Canon 12 da 25. Ƙarin girman da yake bayarwa shi ne tsawonsa a raba da tsawon gilashin. Bututu mai 25 a kan gilashin 50 yana ƙara rabin girma, a kan na 200 kuwa kashi ɗaya bisa takwas kawai. Wanda ke son kai gilashin 300 ga 1:1 da bututu zalla, sai ya jera abin da ya doshi tsawon rular 'yan makaranta. In da bututu Malam ya gwada a kan dogon gilashi yana neman 1:1, dole ya fito yana tsaki, amma laifin na zaɓi ne. Aikin bututu a kan dogon gilashi daban ne: rage tazarar da gilashin ke iya saiti a kai. Mai 25 a kan gilashin 300 yana ba ka damar aiki daga kamar mita 4 zuwa ƙasa da mita ɗaya da rabi, daidai wurin da ƙadangare da ƙananan tsuntsaye suke yarda a tsaya.

Tabarau na kusa shi ne ainihin abokin dogon gilashi, kuma shi ne Malam ya fi zalunta. Ana murɗa shi ne a bakin gilashi kamar filta, kuma aikinsa irin na tabaran karatu ne da dattijo ke ɗorawa a hanci in zai duba littafi. Har ma'aunin ƙarfinsu ɗaya ne, +2, +4 da sauransu. Ƙa'idarsa kishiyar ta bututu ce: gwargwadon tsawon gilashi, gwargwadon girman da zai bayar. Canon 500D, wanda sunansa ya yi karo da na wata kyamarar kamfanin amma ba ita ake nufi ba, ƙarfinsa +2 ne. Idan an sa shi kuma an murɗa gilashi zuwa saitin nesa, duk abin da ke santimita 50 daga bakinsa zai fita tas, ko wane gilashi ne a baya. A kan gilashin 50 girman 0.1 ne, abin dariya. A kan 200 ya zama 0.4, a kan 300 ya zama 0.6. Raynox DCR-150 mai ƙarfin +4.8 a kan milimita 300 yana wuce 1:1 ɗin da Malam ke tinƙaho da shi, ya kai wajen 1.4, DCR-250 mai +8 kuwa a kan milimita 200 yana kai 1.6. Ba na ba sabon shiga shawarar farawa da waɗannan biyun, don riƙe su sai an sha wuya, amma batun cewa ba a kaiwa makro na gaskiya ya faɗi.

Ga wani daɗin da mai zum, wato gilashin da ake sauya tsawonsa, shi kaɗai ke sha. Tunda tabarau ne ke yanke tazara, kana tsaye wuri ɗaya za ka murɗa zum ka ƙara ko ka rage girma. Mai hoton biki da ke riƙe da 70-200 f/2.8, wanda bakinsa milimita 77 ne, ya murɗa tabarau mai +2, ya tsaya rabin mita daga hannun amarya. A 70 ya ɗauki hannun duka da zanen lallen da ya gangaro daga wuyan hannu. Ya murɗa zuwa 200, filin ya tsuke zuwa santimita 9 a babbar sensa: yatsu uku, zoben gwal, da jan lallen da ya rine farce. Ya kwance tabarau ya jefa a aljihu, kafin ƙawaye su gama gyara mata mayafi ya koma ɗaukar fuska. Bai canza gilashi ba, bai sa kan kyamara a cinyar 'yar mutane ba. Da bututu ba a samun wannan sauƙi, don da zarar an taɓa zum saiti ya gudu.

To ina Malam ya samo dishi-dishin da yake kuka da shi? Ina kyautata zaton daga tabarau masu arha ne, waɗanda ake sayarwa uku ko huɗu a 'yar jaka ɗaya, an rubuta +1, +2, +4, +10. Waɗannan ƙwayar gilashi ɗaya ce tal. Ƙwaya ɗaya ba ta iya tara launukan haske wuri ɗaya: shuɗi ya fi ja lanƙwasa, don haka kowane gefe mai haske sai ya fito da bakin shunayya ko kore, gefunan hoto kuma su narke. Dogon gilashi yana ƙara girman wannan aibi kamar yadda yake ƙara girman komai. A kan waɗannan ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Sai dai maganin wannan ciwo ya girmi kyamara kanta. Tun a shekarun 1730 Chester Moor Hall ya gano a Ingila cewa in an haɗa gilashi iri biyu masu bambancin lanƙwasa haske, ɗaya yana gyara ɓarnar ɗaya, kuma John Dollond ya yi rajistar fasahar a 1758. Canon 500D da 250D, da Nikon 5T da 6T waɗanda yanzu sai dai na hannu, da masu ƙwaya biyu na Marumi, duk a kan wannan tsari aka yi su. Raynox ma ƙwaya uku ne. Ko a tafin hannu za ka ji bambanci, don mai ƙwaya biyu yana da kauri da nauyi. John Shaw, Ba'amurken da littafinsa na 1987 kan hoton kusa ya tarbiyyantar da masu hoton daji da yawa, ya koyar da amfani da irin waɗannan tabarau da bututu a kan dogon gilashi, a zamanin fim ɗin silaid da ba a gyara shi bayan an ɗauka. Yanke wa mai ƙwaya biyu hukunci da laifin mai ƙwaya ɗaya ba adalci ba ne.

Batun cin haske kuwa, Malam ya faɗi rabin magana ne. Gilashin ninki yana ci, babu musu: na 1.4 mataki ɗaya, na 2 mataki biyu. Bututu ma yana ci. Abin da bai faɗa ba shi ne gilashin makro yana biyan wannan haraji shi ma, domin shi ma nisanta gilashi daga sensa yake yi, bututunsa a cikinsa yake. A 1:1 asarar tana kusan mataki biyu. Masu Nikon suna ganin abin da idonsu: makro mai 105mm f/2.8, in an murɗa shi zuwa 1:1, lambar da kyamara ke nunawa tana komawa f/4.8. A cikin kayan nan duka, wanda ba ya cin hasken a-zo-a-gani shi ne tabarau na kusa, wato wanda Malam ya fi yi wa tsiya.

Inda maganarsa ke da nauyi shi ne rawar hannu. Gwargwadon nisanka da abu, gwargwadon yadda ɗan karkacewar hannu ke zama babban motsi a hoto, kuma na'urar hana rawa da ke cikin gilashi ba ta cika yin ƙarfi a kusa ba. Amma mu rana ba ta yi mana rowa ba. A hantsi mai haske, a ISO 400 da f/11, saurin shata yana kaiwa 1/800, wanda ya ishi mai tsayayyen hannu. In rana ta yi sanyi, a kafa mai ƙafa uku, a ɗaure ta ƙarƙashin gilashi in yana da abin wuya, ba ta ƙarƙashin kyamara ba. In babu, tsohuwar safa cike da gero a kan katanga ko tagar mota tana aiki. Saiti kuma a kashe na atomatik, a yi da jiki: a ɗan sunkuya gaba, a ɗan ja baya, a danna lokacin da ido ya fita. Abin da ya fi rawar hannu ɓata hoto iska ce da ke kaɗa reshe, ita kuwa ba ruwanta da irin gilashin da ka saya. Shi ya sa masu wannan aiki ke sammako, lokacin da iska ba ta tashi ba, ƙwari kuma sanyi bai sake su ba.

Akwai kuma aikin da ba na jayayya cewa na makro ne. Duk abin da yake shimfiɗe kuma ake son kusurwa huɗunsa su fita daidai da tsakiya, kamar shafin tsohon rubutun ajami irin waɗanda ke Arewa House a Kaduna, ko tsabar kuɗi, ko kan sarki, gilashin makro an ƙera shi ne ya ga fili a miƙe, dogon gilashi da tabarau kuwa gefensa yakan ɗan saki. Haka wanda kullum aikinsa a 1:1 ne ko sama, kamar mai bin ƙwaron tumatirin da ya tashi gonakin Kano da Kaduna a 2016, wanda tsawonsa bai wuce milimita 7 ba. Shi ya nemi makro, in ma da hali ya nemi irin Canon MP-E 65 da ke kaiwa ninki biyar. Kuma kaya ba ya gyara gilashin da tun asali ba shi da kaifi. Zum mai arha na 70-300 yakan yi laushi a ƙarshen 300, don haka gara a tsaya wajen 200 a tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11. Gilashin ninki a kan irin wannan zum ɓata lokaci ne: f/5.6 zai koma f/8 ko f/11, tsofaffin kyamarori su kasa saiti. Sai dai ko a nan, Tamron da Sigma sun yi 70-300 masu wani ɗan maɓalli a gefe da ke kai su rabin girma daga santimita 95, kuma na sha ganin masu su ba su taɓa tura maɓallin ba.

Bututu mai arha shi ma yana da tarkonsa, kuma da Malam ya yi gargaɗi a kan wannan da na sa masa hannu. Wanda ba shi da 'yan ƙusoshin lantarki a ciki yana yanke magana tsakanin kyamara da gilashi. Gilashin Canon EF zai tsaya a wangale ba halin tsukewa, na Nikon mai alamar G kuwa zai rufe ruf ya bar ka cikin duhu. Na roba kuma yakan yi sassauci in an rataya masa gilashi mai nauyi.

Wani abin da ya sa na fifita tabarau a ƙasarmu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk cire gilashi a fili gayyatar hazo ne zuwa kan sensa, kuma hoton kusa, da yake da tsukakkiyar ƙofa ake ɗaukarsa, shi ne ya fi tona asirin kowane ɗigon ƙura. Mai bututu sai ya buɗe kyamara, mai ninki sai ya buɗe, mai makro ma sai ya buɗe duk lokacin da zai sauya daga dogon gilashi. Mai tabarau ne kaɗai ba ya buɗe komai. Mai neman tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda dama dogon gilashi ne a wuyansa yini guda, tabarau ɗaya a aljihun riga ya ishe shi duk ƙwaron da ya gitta. Iyakar kuɗin da zai biya shi ne, muddin tabarau na ɗaure, ba ya ganin komai bayan rabin mita. In shaho ya sauka sai ya kwance.

Ban so in jingina hujjata da kuɗi ba, don kada a ce na koma ga da babu gara ba daɗi, wanda shi ne ainihin abin da nake musu. Amma ba a rufe ido a kansa. Tun da aka saki naira a 2023, duk kayan da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo, kuma sabon gilashin makro na manyan kamfanoni ya ninka kuɗin tabarau mai ƙwaya biyu sau da dama. Yaron da aka ce ya jira, lokacin koyo ne ake ce masa ya zubar: yadda ake tunkarar ƙwaro ba a firgita shi ba, yadda ake karanta iska, yadda ake zaɓen bayan hoto. Waɗannan ba a sayensu tare da gilashi, kuma ranar da ya sayi makro zai tarar yana buƙatarsu.

Tunda magana ce ta abin da ido ke gani, ina gayyatar Malam mu gwada. A kafa kyamara ɗaya a kan mai ƙafa uku. A ɗauki ɗinkin hula zanna a 0.4 na girma, a f/11, sau ɗaya da makro mai 100, sau ɗaya da 70-200 da tabarau mai ƙwaya biyu. A wanke hotunan a girman takardar A4, a juya bayansu a rubuta lamba, a miƙa wa masu hoto biyar da ba su san wanne ne wanne ba. Ina sa ran makro zai ɗan yi gaba a can kusurwa, a tsakiya kuwa su yi ta gardama. Daga nan a fita bayan gida a nemi jan gwada, kowa da kayansa, a ba kowa rabin awa. Sharaɗina ɗaya ne: Malam da kansa zai riƙe makron.